Sulallan Gado: Tsakanin Tsabta da Shaida

Daga cikin kayan da mamaci kan bari, sulalla na cikin waɗanda suka fi ruɗa magada, domin kuɗi ne da ba sa sayen komai a kasuwar yau, kuma ƙarfe ne da ba a sanin nagartarsa sai an auna. Akan same su a ƙasan adudu, ko a cikin kumbon tsohuwa, ko ƙulle a bakin tsumma tare da zobba da warwaro, wasu sun yi baƙi wasu sun yi kore, kuma abu biyu ne kan fara zuwa zuciyar wanda ya same su: ya wanke su, sannan ya tambayi nawa za a saya. Babu laifi a ko ɗaya daga cikin niyyoyin biyu, sai dai kowacce ta jingina ne da kalma guda da aka ɗora wa ma'anoni da yawa, wato dauɗa a ɓangaren wanki da daraja a ɓangaren ciniki, kuma mafi yawan asarar da ake tafkawa a wannan sha'ani daga rashin rarrabe waɗannan ma'anoni take tasowa.

Kafin a kai ga kalmomin, ya dace a san ƙarafan da ake magana a kansu. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, saboda da wuri aka daɗe ana ciniki a ƙasar Hausa, kuma lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851 ya tarar ana canjin dalar azurfa guda a kan wuri 2,500. Daga cikin dalolin da fatake ke kawowa akwai liyari, babbar ƙwandalar azurfa mai ɗauke da hoton Mariya Tareza, sarauniyar Ostiriya. A 1907 Turawan mulkin mallaka suka fito da kwabo da anini, wanda goma ke yin kwabo ɗaya, dukkansu da huda a tsakiya yadda za a iya zura su a igiya, da tauraro mai tsini shida a gefe guda da rubutun Larabci a ɗaya gefen. An fara ƙera anini da alminiyam, wanda bai jure yanayin ƙasar ba, sai aka koma ga gaurayen jan ƙarfe da nikel a 1908. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila, wadda daga 1913 ta fitar da taro da sisi da sule da fataka na azurfa, ana kashe su a Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, abin da ya sa sulen da aka gada a Zariya bai bambanta da wanda aka gada a zangon Kumasi ba. Da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai aka maye gurbinta da tagulla a 1920. Sulallan Tarayyar Nijeriya na 1959 sun zo da auduga a kan taro da koko a kan sisi, sannan ranar 1 ga Janairu, 1973 naira da kwabo suka karɓi fage, da dalar gyaɗa a bayan kwabo 25.

Waɗannan ƙarafa sun bar kasuwa, amma sunayensu sun zauna daram a baki. Wanda bai taɓa riƙe anini ba yakan rantse cewa ba shi da ko anini, ana cewa ba a ba mutum ko sisin kwabo ba alhali mai faɗa bai san cewa sisi kwabo shida ne ba, kuma sulalla, jam'in sule, ya zama sunan duk wani kuɗin ƙarfe. A Nijar har yau da dala ake lissafi, kowace dala tana daidai da faran biyar, ta yadda faran 100 yake dala ashirin a bakin mai talla. Ƙwandalar da aka tsinta a kayan gado ita ce jikin kalmar da ake furtawa ba tare da an san kamanninta ba, kuma daga nan matsayinta na shaida ya fara: tana gaya wa mai kallo wane sarki ne ke mulki, da wane ƙarfe aka iya saye a wannan shekara, da wane rubutu aka ga ya wajaba a sa domin mutanen ƙasa su karanta. Duk abin da za a yi mata da hannu ya kamata a auna shi da tambaya guda, ko zai bar wannan shaida yadda take ko zai rage ta.

Abin da ido ke gani a fuskar tsohuwar ƙwandala ya kira shi dauɗa ya kasu gida uku. Na farko shi ne dauɗa ta haƙiƙa, wato ƙura da maiƙo da ƙasa da suka zauna a kan ƙarfen ba tare da sun shiga jikinsa ba, kuma ita kaɗai ce ake iya cirewa ƙwandala ta tsira. Na biyu shi ne launin tsufa, wanda ba baƙo ba ne a kan ƙarfe, fatar ƙarfen ce da kanta ta sauya. Azurfa takan haɗu da ɗan burbushin farar wuta da ke cikin iska, sai wani siririn rufi ya samu a kanta, ya fara da ruwan zuma, ya koma shuɗi-shuɗi, daga bisani ya yi baƙi. Jan ƙarfe kuwa yakan tashi daga ja ya koma ruwan ƙasa. Wannan rufi yana kare abin da ke ƙarƙashinsa, kuma duk wanda ya cire shi ya cire wani ɓangare na ƙwandalar. Na uku shi ne tsatsa mai ci, wadda masana ke kira cutar tagulla: idan gishiri da laima suka haɗu a jikin jan ƙarfe, wani gari kore mai haske yakan ɓullo, a goge shi ya dawo, yana rarake ƙarfen har ya bar ramuka. Na farko ana wanke shi a hankali, na biyu ana barinsa, na uku ana yi masa magani, kuma wanda ya haɗa ukun a kalma ɗaya zai yi musu aiki ɗaya, ya cuci biyu daga ciki.

Dalilin da ya sa guga ke kashe ƙwandala yana cikin yadda ake ƙera ta. A gidan buga kuɗi ana sa faifan ƙarfe tsakanin hatimai biyu na baƙin ƙarfe a danne shi da ƙarfi mai yawa, sai ƙarfen ya malala daga tsakiya zuwa gefe yana cika zanen, ya bar wasu layuka ƙanana ƙwarai da ido ba ya rarrabewa. A kan waɗannan layuka haske ke karyewa, shi ya sa idan aka juya sabuwar ƙwandala a hannu akan ga hasken yana zagayawa a fuskarta. Wannan shi ne sheƙin asali, kuma sau ɗaya ake samunsa, a daidai lokacin bugu. Launin tsufa yana iya rufe shi ba tare da ya shafe shi ba, ta yadda ƙwandalar da ta yi baƙi tana iya kasancewa da sheƙinta cif a ƙarƙashi. Guga kuwa yana share layukan, ya bar wani ƙyalli shafaffe tare da ƙarce-ƙarce sirara masu bin hanya ɗaya, waɗanda gwani ke ganowa da zarar ya ɗora gilashin ƙara girma. Babu maƙerin da ke iya mayar da abin da aka goge.

A nan ne al'ada mai kyau ke iya jawo ɓarna. Tsabta abar yabo ce a wurin Bahaushe, a addini da a zaman gida, kuma matan da suka iya goge tasa da tiren tagulla da tsamiya ko lemun tsami ko toka suna da ilimi na gaske, domin tsami yana narkar da rufin da ke kan ƙarfe, toka da yashi kuma suna kankare shi. Tasa dai an yi ta ne don a yi ta gogewa, kaurinta yana ɗaukar hakan, amfaninta kuma ba ya cikin zanen fuskarta. Ƙwandala kuwa dukkan labarinta yana cikin wani siririn sashe na samanta, inda haruffa da shekara da gashin kan sarki suke, saboda haka hanyar da ke ƙawata tasa ita ce ke tsiyata ƙwandala, garin neman gira a rasa ido. Haka abin yake game da man goge ƙarfe da man goge baki da burushi da soson ƙarfe. Magunguna masu ƙarfi kuwa haɗarinsu ya wuce kan ƙarfe ya kai ga rai: a 1922 wani sanannen mai tara sulalla ɗan Amurka, Sanford Saltus, ya rasu a Landan bayan ya sha gubar sayanaid da yake wanke tsoffin sulallan azurfa da ita, bisa kuskuren ɗaukar ta a matsayin abin shansa.

Wankin da masana suka yarda da shi kaɗan ne, kuma sharaɗinsa kada ya taɓa ƙarfen. Idan ƙasa ta manne, ana jiƙa ƙwandalar a ruwan da aka dafa aka tara tururinsa ya koma ruwa, wanda babu gishiri a cikinsa, a bar ta ƙasar ta saki da kanta, a ɗauraye, a ɗora ta a kan tsumma mai laushi ta bushe ba tare da an murza ba. Idan maiƙo ne ko ragowar gam ko koren danƙon da roba mai taushi ke bari, ana tsoma ta a tsantsar sinadarin asiton, wanda ke narkar da maiƙo ba ya cin azurfa, a wuri mai iska kuma nesa da wuta saboda yana saurin kamawa. Cutar tagulla kuwa aikin masu adana kayan tarihi ne, abin da magaji zai iya shi ne ya ware mai cutar daga sauran, ya ajiye ta inda laima ba ta kaiwa. Duk ƙwandalar da ake zaton tana da tsada, mafi alheri a kai ta wurin gwani yadda aka same ta, domin shi ya fi son ganin ta da baƙinta.

Riƙo da ajiya su ma suna da ladubbansu. Gumin yatsa yana ɗauke da gishiri da tsami, kuma zanen yatsan da aka bari a fuskar ƙwandala mai sheƙi yana iya cin ƙarfen ya zauna har abada, don haka ake riƙe ta ta gefe, tsakanin babban yatsa da manuni, da hannu wankakke busasshe ko safar auduga, a saman shimfiɗa mai laushi saboda gudun faɗuwa. Zuba sulalla a gwangwani ɗaya yana sa su yi ta gogar juna, ƙaƙƙarfan ƙarfe yana ƙarzar mai taushi. Robar ɗaure kuɗi da ulu da jemammiyar fata da takarda mai arha suna fitar da abubuwan da ke hanzarta baƙin azurfa, roba mai taushi kuma tana tsatso danƙo idan ta daɗe. A ƙasar Hausa yanayi biyu ne ke bi da bi: laimar damina da ke tayar da tsatsa, da ƙurar hunturu wadda yashi ne mai laushi, idan aka share ta da tsumma sai ta zama abin kankara. Kowace ƙwandala tana buƙatar mazubinta ita kaɗai, na takarda marar tsami ko na roba mai tauri, a cikin akwatin da ke rufuwa sosai.

Kalmar daraja ita ma ma'anoni uku take rufewa. Akwai darajar da aka rubuta a jikin ƙwandala, wadda hukuma ce ta ba ta kuma hukuma ce ta janye, shi ya sa sulen 1959 ba ya sayen ko ashana a yau. Akwai ƙimar ƙarfe, wadda ma'auni ke faɗa: liyari tana da nauyin giram 28 da ɗan ɗoriya, kashi 833 cikin 1,000 azurfa ne, wato kimanin giram 23.4 na tsantsar azurfa, sulen 1913 kuma kashi 925 cikin 1,000 azurfa ne, alhali sulen tagulla da ya gaje shi ƙarfensa bai taka kara ya karya ba. Wannan ƙima ita ce ƙasan farashi, kuma ita kaɗai maƙerin azurfa ke saye, tunda shi narkarwa zai yi. Sannan akwai ƙimar masu tarawa, wadda ta dogara da abu uku: ƙarancin irin ƙwandalar, da lafiyar jikinta, da yawan masu nemanta. Farashi kuwa abu ne na daban, shi ne abin da wani mai saye ya yarda ya biya a wata rana, kuma yana iya sauka ƙasa da ƙima idan mai sayarwa bai san abin da ke hannunsa ba.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne ɗaukar tsufa a matsayin tsada, kuma liyari ta isa misali. Mariya Tareza ta rasu a 1780, amma saboda 'yan kasuwar Larabawa da na Habasha da na sauran sassan Afirka sun amince da wannan ƙwandala, aka ci gaba da buga ta da shekarar 1780 ba tare da canji ba, a Biyana da Rum da Landan da Faris da Bombai, har adadinta ya kai ɗaruruwan miliyoyi. Liyarin da ke hannun magaji tana iya kasancewa ta ƙarni na ashirin, kuma galibinsu farashinsu bai yi nisa da na azurfarsu ba. Haka nan kwabo da ɗari, wato rabin kwabo, da aninin 1936 masu ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila a Disambar wannan shekara: labarinsu mai ban sha'awa ne, amma an buga su da yawan gaske, saboda haka suna da araha. A ɗaya gefen kuma, wani dinaren Banu Umayya na shekara ta 105 bayan Hijira, mai nauyin giram huɗu da 'yan kai, an sayar da shi a gwanjo a Landan a 2011 a kan fam miliyan 3.72, saboda rubutun jikinsa ya ambaci ma'adinin Sarkin Muminai a Hijaz, kuma irinsa ƙalilan ne suka rage. Zinariyarsa ba ta kai ko kusa da wannan kuɗi ba. Kalmomin da ke kansa aka saya.

Lafiyar jiki kuwa tana da ma'auninta. A 1949 William Sheldon ya tsara wani mizani daga 1 zuwa 70 domin tsoffin kwabban Amurka, wanda daga baya aka faɗaɗa shi ga sauran sulalla, inda 1 ke nufin wadda ta suɗe har da ƙyar ake gane ta, 70 kuma wadda babu ko tabo a jikinta. Kamfanonin tantancewa irin su PCGS, da aka kafa a 1986, da NGC, da aka kafa a 1987, sukan hana lamba ga ƙwandalar da aka goge, su rubuta a mazubinta cewa an taɓa ta, kuma wannan rubutu kaɗai yana karya farashi sosai. Mai nazari yakan duba shekara, da ɗan harafin da ke nuna gidan bugu, kamar H na kamfanin Heaton ko KN na King's Norton, dukkansu a Birmingham, domin shekara ɗaya na iya zama gama-gari daga wani gida ta yi wuyar samu daga wani. Yakan auna nauyi da faɗi, ya gwada da maganaɗisu, tunda azurfa da zinariya ba sa mannewa, sannan ya kwatanta da farashin da aka riga aka biya a gwanjo, wanda ya fi abin dogaro a kan farashin da mai talla ya rubuta a intanet yana fata.

Akwai wani nau'in rauni da ya cancanci a yi masa adalci. Liyari da sulallan azurfa da yawa da ake gada an huda su ko an liƙa musu kunne, saboda mata sun rataya su a wuya ko sun kitsa su a gashi, kamar yadda aka san matan Fulani da yi. A idon mai tarawa wannan naƙasa ce da ke mayar da ƙwandalar kusa da ƙimar ƙarfenta. A idon mai tarihi kuwa hudar shaida ce ta biyu da aka rubuta a kan ta farko, tana nuna yadda mace ta mayar da kuɗi ado, ta mayar da ado taska da take iya cirewa ranar buƙata. Bambancin wannan huda da gugar magaji shi ne cewa hudar ta ƙara labari, gugar kuwa sharewa take yi. Saboda haka toshe hudar ko cire kunnen ba gyara ba ne, domin ba zai dawo da farashin masu tarawa ba, kuma zai ɓatar da tarihin gida.

Tunda ana maganar gado ne, al'amarin ya shafi haƙƙi. Kafin a raba, sulallan amana ne a hannun wanda ya same su, ciki har da rabon mata da marayu da waɗanda ba sa nan, kuma wanda ya goge su da kyakkyawar niyya ya rage dukiyar da ba tasa shi kaɗai ba ce. Rabon da aka yi da ƙirga, a ce kowa ya ɗauki goma, yana iya zama zalunci a ɓoye, domin guda ɗaya na iya fin sauran duka. Hanyar da ta fi kusa da adalci ita ce a rubuta jerinsu, a nemi ƙima daga fiye da mutum ɗaya, kuma mai ƙimantawar kada ya zama shi ne mai saye. Idan azurfar tana da yawa, batun zakka ma yakan taso, tunda nisabin azurfa dirhami 200 ne, wanda malaman zamani da yawa ke lissafawa a kan kimanin giram 595, adadin da azurfar liyari 26 ta haura.

Abu na ƙarshe da ke saurin salwanta ba ya jikin ƙarfen, yana bakin tsofaffin gida: wa ya mallaki sulallan, a wane fatauci ko aikin hajji ko sadaki suka shigo, me ya sa aka ƙi kashe su. Masu gwanjo kansu suna ƙara farashi idan an san hannayen da ƙwandala ta bi, gidajen tarihi irin su Gidan Makama a Kano kuma da irin wannan bayani suke mayar da ƙarfe ya zama darasi. Rubuta shi a takarda a ajiye tare da sulallan shi ne aikin da ya fi gaggawa, kuma ba ya cin ko kwabo. Sauran ayyukan duk suna iya jira, domin ƙwandalar da aka bari da baƙinta ana iya wanke ta gobe idan gwani ya ga dacewar hakan, ana iya sayar da ita baɗi idan magada sun amince, amma wadda aka goge ko aka narkar babu shawarar da ta rage a kanta. A sha'anin da kuskure ɗaya ba ya gyaruwa, kame hannu har sai an sani shi ne matakin farko na kulawa.